Ina jin kiran, amma ban san daga ina yake zuwa ba

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata matsala ce ta ishe ni, nake neman wanda ya san kanta. Wata takwas ke nan da kunnena na hagu ya daina ji, bayan wani zazzaɓi mai zafi da na yi. Na dama lafiyarsa ƙalau, an gwada an ce babu abin da ya same shi. Magana ina jin ta, waya ma da shi nake amsawa. Abin da ya dame ni shi ne ban san inda sauti yake fitowa ba. Ranar Juma'a a bakin Kantin Kwari wani ya ƙwala min kira, na waiga dama, na waiga baya, ina ta dube-dube kamar baƙon da aka sauke a tasha, ashe mutumin yana hagu da ni, taku biyar bai kai ba. Wayata in ta yi ƙara a ɗaki sai na ɗaga filo, na leƙa ƙarƙashin gado, yara na yi min dariya. Shekaranjiya kuma ɗan adaidaita ya danna min hon, maimakon in kauce masa sai na matsa inda yake tahowa. Allah ne ya tsare.

An ce min akwai na'urar da ake maƙalawa a kunnen da ya mutu ta riƙa tura sauti zuwa mai lafiyar. Kafin in sayar da babur ɗina in saya, ina so in ji gaskiya: za ta dawo min da sanin inda ƙara take fitowa?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi Malam. Kafin ka sayar da babur, ka gwada man zaitun da tafarnuwa, a ɗan ɗumama a ɗiga safe da yamma. Wani maƙwabcinmu haka ya yi, kunnen ya buɗe.

Sista Mai Jinya:
Ɗan Fagge don Allah ka daina ba da wannan shawarar. Maƙwabcinka wataƙila dattin kunne ne ya toshe masa, man ya tausasa shi ya fito. Wanda aka riga aka gwada aka ce jijiyar ji ce ta taɓu, ko ya juye kwalba guda babu abin da zai kai can ciki. In kuma dodon kunnen mutum ya huje, tafarnuwa sai ta ƙara masa wani ciwon.

Ɗan Fagge:
To Sista, na janye. Ni dai taimako na yi niyya.

Injiniya Na Samaru:
Baban Ilham, bari in ɗan yi bayanin abin da ka rasa, don in ka gane shi za ka iya auna kowace na'ura da kanka.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya a cikin iska. In mutum ya tsaya dama da kai ya yi tafi, ƙarar za ta riga isa kunnen dama, sannan ta zagaya kai ta isa na hagu. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kusan kashi biyu cikin uku na hakan ce in sautin yana gefe sosai. Kai ba za ka taɓa jin cewa sau biyu ya iso ba, amma can a gindin ƙwaƙwalwa akwai inda jijiyoyin kunnuwan biyu suke haɗuwa, aikinsa ke nan ya auna wanda ya riga. Yana iya kama bambancin da bai wuce kashi goma cikin miliyan na sakan ba. Subhanallah.

Hanya ta biyu ita ce ƙarfi. Kan mutum yana tare sauti kamar yadda katanga take tare rana, sai kunnen da ke nesa ya zama yana cikin inuwa. Amma sauti mai kauri, irin rugugin tirela ko tambari, zangonsa dogo ne, zagaye kai yake yi abinsa. Siriri irin na usur ko ƙarar makullai shi kai yake tarewa, har bambancin ya kai desibel 20 a ma'aunin ƙarfin sauti. Saboda haka a sauti mai kauri ƙwaƙwalwa ta fi dogara da wanda ya riga isowa, a siriri kuma da wanda ya fi ƙarfi, iyakar tana wajen girgiza 1,500 a sakan. Wani masanin kimiyya na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana wannan tun 1907.

Duk hanyoyin biyu kwatance ne ake yi tsakanin kunne da kunne. Kai yanzu ma'auninka faranti ɗaya ya rage masa.

Baban Ilham:
Injiniya Allah ya saka da alheri. Shi ya sa komai nake jin kamar daga dama yake zuwa ke nan.

Injiniya Na Samaru:
Shi ne. Ƙwaƙwalwarka ta ga dama na kawo rahoto, hagu shiru, sai ta yanke hukuncin cewa mai ƙarar yana dama.

Mai Gwajin Ji:
Bayanin Injiniya daidai ne. Ni aikina ke nan, gwajin ji da saita na'urori, don haka bari in amsa tambayar kai tsaye. Na'urar da aka faɗa maka sunanta CROS. Guda biyu ce: ɗaya makirufo ce a kunnen da ya mutu, tana kama sauti ta aika wa ɗayar da ke kunne mai lafiya. Amfaninta na gaske ne. Wanda ya zauna hagu da kai a mota ko a wurin taro za ka ji shi ba sai ka murɗa wuya ba. Amma alƙibla ba za ta dawo maka da ita ba, domin har yanzu kunne ɗaya ne yake karɓar komai. Wanda ya yi magana ta hagu a dama za ka ji shi, wanda ya yi ta dama ma a dama. Akwai wata irin da take bin ƙashin kai ta kai sautin ɗaya gefen, ita ma labarin ɗaya ne a wannan fannin.

Kuma akwai inda take ɓata maka. In janareta na hagu da kai, mai magana na dama, da can kanka yana tare maka wani ɓangare na ƙarar injin. Da ka saka CROS sai ta kwaso ƙarar ta zuba maka a kunnen da kake ji da shi.

In mai sayarwa ya ce maka za ta dawo da kai kamar da, ka riƙe babur ɗinka.

Malam Na Tudun Wada:
Ni shaida ne. Shekara uku ina amfani da ita, hangum ne ya cinye min kunnen dama tun ina yaro. A aji ta taimake ni ƙwarai, ɗalibin da ke zaune ta gefen nan in ya yi tambaya ina ji. Amma wa ya yi tambayar? Sai na bi bakunansu da ido. Har na kafa musu doka, duk mai magana ya ɗaga hannu ya bar shi a sama sai na gan shi. In zan shiga kasuwa kuwa cire ta nake yi in sa a aljihu, hayaniyar ta yi yawa.

Maman Sadik:
Tunda an taɓo maganar, ku ba ni dama in sako tawa. Mahaifinmu ya haura saba'in, kunnuwan duka biyu sun yi rauni. An ce a saya masa guda biyu, yayanmu ya ce kuɗin guda ɗaya ake da shi, aka saya ta dama. Yanzu Baba yana ji, amma kullum ƙorafi. In jikoki sun taru a tsakar gida sai ya ce surutun ya dunƙule masa wuri ɗaya. Rannan ƙanwata ta yi sallama daga zaure, ya juya yana amsawa wajen madafa. Mu mun ɗauka rigimar tsufa ce.

Alhaji Mai Atamfa:
Hajiya da babu gara ba daɗi. Ku gode wa Allah da ya hore muku ɗayar. Masu sayar da kayan nan dole su ce biyu, ciniki suke nema. Kakanninmu da suka kurumce har suka koma ga Allah ko ɗaya ba su gani ba.

Mai Gwajin Ji:
Alhaji ranka ya daɗe, maganar kuɗi gaskiya ce, ba na raina ta. Akwai mutane da yawa da nake saita wa guda ɗaya saboda abin da aljihu ya iya ke nan, kuma ta fi babu nesa ba kusa ba. Amma ƙorafin Baba ba rigima ba ne. Da kunnuwansa biyu sun yi rauni daidai wa daida, ma'aunin bai karkace ba. Yanzu an ƙara wa dama ƙarfi an bar hagu, sai komai ya rinjaya dama. Dunƙulewar surutu da yake faɗa kuma daga nan take. Mai kunne biyu in yana gidan biki yana iya tsinto muryar mutum ɗaya cikin ashirin, saboda ƙwaƙwalwa ta san wannan muryar daga nan take, waccan daga can, sai ta ware su. In alƙibla ta ɓace sai muryoyin su hau kan juna. Tun 1953 wani masani mai suna Colin Cherry ya yi bincike a kan wannan.

Hajiya, ku duba takardar gwajin jinsa. In raunin ya yi kusan daidai a ɓangarorin biyu, ku fara tara kuɗin ta biyun, kuma irin ta farkon za a nema don a saita su tare.

Alhaji Mai Atamfa:
To ni ƙanina biyu gare shi, masu tsada ma, daga Dubai aka kawo. Har yau in ka kira shi ta baya gaba yake dubawa. Ina amfanin biyun?

Mai Gwajin Ji:
Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye ba: na'ura biyu ma ba sa mayar da mutum yadda Allah ya halicce shi. Hagu da dama suna gyaruwa sosai, gaba da baya ne ke ba da wahala. Dalili shi ne sautin da ke gabanka sak da wanda ke bayanka sak duk a lokaci ɗaya suke isa kunnuwan biyu, da ƙarfi ɗaya. Abin da ke raba su shi ne kunnen waje, wannan mai lanƙwashe-lanƙwashen da muke ɗauka ado ne ko wurin rataya tabarau. Lunguna nasa suna canza siririn sauti gwargwadon inda ya fito, sama ko ƙasa, gaba ko baya, ƙwaƙwalwa kuma ta haddace salon kunnen mai ita. To na'urar da ake ratayawa a bayan kunne, makirufonta yana sama da kunnen, yana kama sauti kafin ya bi ta lungunan. Shaidar ta ɓace ke nan. Ga shi kuma raunin tsufa da na hayaniya siraran sautuka yake fara ci, waɗanda su ne ke ɗauke da shaidar.

Akwai na biyu. Na'urar zamani tana ƙara wa ƙaramin sauti ƙarfi da yawa, babba kuma kaɗan, don kada ƙara ta dame ka. In kowace tana yin nata lissafin ita kaɗai, ta gefen inuwa za ta ƙara da yawa, ta gefen mai magana ta ƙara kaɗan, sai bambancin ƙarfin da Injiniya ya faɗa ya ragu. Shi ya sa wasu sababbin suke magana da juna ta iska don su daidaita. Ƙanin naka ya koma wurin mai saitawa ya faɗi wannan ƙorafin da bakinsa. Wani lokaci akwai saitin da ke kwaikwayon kunnen waje ba a kunna ba. Wanda aka sayo a akwati aka saka ba tare da gwaji ba kuwa, tsadarsa ba ta hana shi zama rediyo.

Ɗan Fagge:
Ni da kunnena biyu lafiya, gyare ya hana ni barci sati guda ban gano inda yake ba. Ko ni ma in je gwaji?

Injiniya Na Samaru:
Haha, kai lafiyarka ƙalau. Kukan gyare kusan zare ɗaya ne na sauti, ba shi da faɗi, kunnen waje ba ya samun abin da zai kwatanta. Ga bango yana dawo da shi ta ko'ina. Irin wannan ne ya sa a wasu ƙasashe aka canza ƙarar manyan motoci masu ja da baya daga "fit fit" zuwa mai "shhh shhh", ta fi saurin nuna inda take.

In ana maganar gwanaye a wannan fage kuwa, mujiya ce. Akwai irin da kunnenta ɗaya yake sama da ɗayan a kai, da haka take auna sama da ƙasa, tana kama ɓera a duhun da ba a ganin tafin hannu.

Maman Sadik:
Injiniya mujiya kuma da daren nan? A'uzu billahi. Ka bar mu mu yi barci.

Injiniya Na Samaru:
Afuwan Hajiya. Amma ina da ja da Mai Gwajin Ji a wuri ɗaya, kamar ya rufe wa Baban Ilham ƙofa da yawa. A 1998 a jami'ar Nijmegen ta ƙasar Holan an cusa wa mutane wani abu a lungunan kunnen waje don a canza masa siffa. Nan take suka kasa bambance sama da ƙasa. Suka ci gaba da yawo da shi, cikin 'yan makonni ƙwaƙwalwa ta koyi sabon kunnen. Da aka cire kuma ba su manta tsohon ba. Ke nan ƙwaƙwalwa tana koyo. Me zai hana tasa ta koyi aiki da kunne ɗaya?

Mai Gwajin Ji:
Na san binciken, amma waɗancan kunnuwansu biyu na aiki, siffar waje kawai aka taɓa. Koyo yana yiwuwa, ban musa ba. Mai kunne ɗaya yana iya gane cewa muryar matarsa in ta zo a dushe to ta gefen da ya mutu take, saboda ya san yadda muryar take a da. Yana kuma iya juya kai ya ji ta inda ƙarar ke ƙaruwa. Wannan yana aiki a gida, da sautin da aka saba da shi, mai ɗan tsawo. Hon ɗin da bai kai sakan ɗaya ba, daga motar da ba ka san ƙarfin hon ɗinta ba, a tsakiyar Ƙofar Mata da yamma, babu lokacin juya kai. Ba zan ce wa mutum ya jingina ransa a kan wannan koyon ba.

Injiniya Na Samaru:
A titi na yarda da kai. A gida ina nan a kan bakana, ya riƙa gwadawa.

Malam Na Tudun Wada:
Ku duka kuna da gaskiya. Ni da na tashi da shi tun yarinta, a gida ba kasafai nake kuskure ba. A masallacin Juma'a kuwa, lasifika ta ko'ina, sai dai in bi sahu.

Injiniya Na Samaru:
Wannan ko mai kunne biyu lasifikar da ta fi kusa da shi yake ɗauka ita ce liman. Ƙwaƙwalwa sautin da ya fara isowa take bi, ta yi watsi da na bayansa.

Ummu Hanif:
Ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba. Ɗana sanƙarau ya kama yana shekara biyu, ya tashi ba ya ji ko kaɗan. An yi masa tiyatar dasa na'ura a kunne ɗaya, da taimakon dangi da bayin Allah, don kuɗin miliyoyi ne. Alhamdulillahi yana magana, yana makaranta. Amma in na kira shi a tsakar gida sai ya tsaya cak yana juyawa har ya gan ni. Shin Baban Ilham ba zai iya yin irin wannan a kunnen da ya mutu ba?

Mai Gwajin Ji:
Allah ya raya shi Hajiya. Ita ce kaɗai hanyar da ke tayar da kunnen da ya mutu ya koma aika nasa saƙon, don wayar na'urar tana shiga cikin katantanwar kunne, wato gaɓar ji da ke can ciki, ta taɓa jijiyar kai tsaye. A Amurka an amince a yi wa masu kurumtar gefe ɗaya tun 2019, kuma da yawansu sanin hagu da dama yana gyaruwa. Sai dai da bambancin ƙarfi suke aiki galibi, na'urar ba ta riƙe ɗan ƙanƙanin bambancin lokacin nan yadda kunne yake yi. Sharaɗi kuma jijiyar ta kasance da rai, sai an yi hoto an gani. Ga kuɗi, ga kula da ita har ƙarshen rayuwa.

Don masu karatu: yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa da wuri, domin katantanwar tana iya cikewa da ƙashi, in ta cike dashen yana wahala.

Baban Ilham, zazzaɓin nan an gano ko na mene ne? Ina tambaya ne saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka warke daga zazzaɓin Lassa suna samun kurumta, rabinsu jin yakan ɗan dawo cikin wata ɗaya zuwa uku.

Baban Ilham:
Ba a yi gwajin ba gaskiya. A wani kemis na unguwa aka yi min allurai. Da kunnen ya toshe mai kemis ɗin ya ce datti ne, ya ba ni maganin ɗigawa. Sai da na yi wata biyu na je asibiti, likita ya riƙe kai ya ce ina ma na zo a satin farko.

Sista Mai Jinya:
Wannan ne ke ƙona min rai. Kunnen da ya ɗauke farat ɗaya, cikin kwana ɗaya zuwa uku, a garzaya wurin likitan kunne a ranar. Akwai maganin da ake bayarwa, kuma ya fi aiki cikin mako biyun farko. Asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna ma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Kuma Baban Ilham, wanda ya rage maka ka riƙe shi kamar ƙwai. Kada ka kwana kusa da janareta, ka nisanci injin niƙa da lasifikar biki, duk wanda zai rubuta maka allura ka ce masa kunne ɗaya gare ka, don akwai irin su jentamaisin da ke taɓa ji.

Alhaji Mai Atamfa:
Ni dai har yanzu ina ganin kada ya sayar da babur. Da me zai yi cefane?

Mai Gwajin Ji:
A nan ba mu saɓa ba Alhaji. Ya nemi a ba shi ta gwaji ya yi kwanaki da ita a shago da gida kafin ya biya. In matsalarsa jin na gefen hagu ce, za ta biya shi. In alƙibla yake nema, madubin babur ya fi ta amfani.

Baban Ilham:
Na gode muku duka. Jiya da daddare na gwada abin da Injiniya ya ce. Na zauna a tsakar gida na rufe ido, Ilham tana zagaya ni da makullai tana kaɗawa. Sau goma, uku na canka, su ma ina jin sa'a ce. Da na ce ta riƙa kaɗawa ba tsayawa ni kuma ina juya kai a hankali, na samu bakwai. Uwarta ta ce daga yau duk mai kirana a gidan ya faɗi inda yake, "Baba, ina ƙofar madafa". Babur na fasa sayarwa, sai dai na kai shi an ɗaura masa madubin hagu, tun bara ya karye ban damu ba.

Malam Na Tudun Wada, batirin taka kwana nawa yake yi maka, kuma a Kano ake samu ko sai an aika Legas?

Malam Na Tudun Wada:
Na gefen makirufo ya fi saurin ƙarewa, ba ya kai min mako. Ana samu a nan, amma ka riƙa duba kwanan watan da ke jikin kwalin, an taɓa sayar min da wanda ya kwana biyu a shago. In ka tashi zuwa gwajin ka yi min magana in raka ka, sai dai mu san yadda za mu jera a hanya, kai hagu ni dama.